Kalmar Ƙiyayya a Hausa da Takwararta ta Ingilishi

Cikin 'yan shekarun nan wata magana ta kama bakin masu karanta labarai a gidajen rediyo da marubutan jaridu, watau "kalaman ƙiyayya". Maganar ba haifaffiyar Hausa ba ce. An fassaro ta ne daga Ingilishi, inda ake cewa "hate speech", kuma ta shigo da ƙarfinta, domin tare da ita aka zo da zancen doka, da tara, har da na rataya. Duk kalmar da za a iya ɗaure mutum a kanta kuwa, ya wajaba ɗalibin harshe ya tsaya ya auna ta da kyau. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a duba abin da Bahaushe yake nufi idan ya ce ƙiyayya, sa'an nan a duba yadda Bature yake sarrafa tasa kalmar, don a ga ko da gaske mudun biyu ɗaya suke aunawa. Yawancin misalan Hausar na ɗauko su ne daga bakin mutanenmu na Tudun Kaya da kewayen Karaye da Rogo, domin can kunnena ya fi sabawa.

Tushen kalmar

Ƙiyayya ta tsiro ne daga aikatau mai gaɓa ɗaya tak, watau "ƙi". Wannan ɗan ƙaramin aikatau yana da faɗi ƙwarai, kuma galibin aikinsa bai shafi zuciya ba. Manomi a Tudun Kaya zai ce, "Fadamar nan ta ƙi gero." Direba zai ce, "Mota ta ƙi tashi." Uwa za ta ce, "Yaron ya ƙi cin tuwo," ko kuwa, "Zazzaɓin ya ƙi sauka." Fadama ba ta da zuciyar da za ta ƙullaci gero, haka ma mota. Abin da ke nan shi ne rashin karɓa ko rashin amincewa. Wannan ma'ana ce ke cikin karin maganar da ke cewa kowa ya ƙi sharar masallaci ya yi ta kasuwa, da kuma wadda ke cewa in ka ƙi ji ba ka ƙi gani ba.

Sai idan abin da aka ƙi ya zama mutum ne ma'anar take fara nauyi. "Ya ƙi mini" ƙorafi ne a kan wata buƙata da ba a biya ba, amma "ya ƙi ni" kuka ne na wanda aka juya wa baya ɗungurungum. Ko a nan ma akwai sassauci. Idan aka ce yarinya ta ƙi mijin da aka ba ta, ba lalle ne tana yi masa fatan sharri ba, zama da shi ne ba ta yarda da shi ba. Haka nan da Hausawa suka ce so naka duniya ta ƙi shi, ƙi naka duniya ta so shi, ba su umurci uba ya tsani ɗansa ba, horo da hana shagwaɓa suke nufi.

Daga "ƙi" aka sami maƙiyi da maƙiyiya da maƙiya. Daga gare shi kuma aka sami ƙiyayya, ta hanyar liƙa ɗafa-ƙeyar -ayya. Wannan ɗafa-ƙeya ita ce mabuɗin zancen. Mu dubi inda take fitowa: so da soyayya, ja da jayayya, tara da tarayya, aure da auratayya, ciniki da cinikayya. A kowanne daga cikinsu akwai ɓangarori biyu, abin yana zuwa yana dawowa a tsakaninsu. Mutum ɗaya ba ya jayayya, gida ɗaya ba ya auratayya. Wani zai iya kawo biyayya ya ce ai ita daga ƙasa take tafiya sama, ba ta dawowa. Gaskiya ne, amma ko ita ɗin sai da mai bi da wanda ake bi, kuma dukansu masu rai da hankali ne. Saboda haka ginin kalmar ƙiyayya da kansa yana gaya mana cewa dangantaka ce tsakanin mutane. Shi ya sa muke cewa "akwai ƙiyayya tsakaninsu". Wanda ya ce akwai ƙiyayya tsakaninsa da kunun tsamiya, dariya yake son a yi.

'Yan'uwan kalmar

Bahaushe bai ɗora wa ƙiyayya dukan kayan ba, ya raba mata da 'yan'uwanta. Tsana tana zaune ne a zuciyar mutum ɗaya, wanda aka tsana ma yana iya zama bai sani ba, kuma ana iya tsanar hali, kamar a ce, "Na tsani ƙarya." Sau da yawa ba ta da dalilin da za a kama, sai dai a ce jininsu ne bai haɗu ba. Ga jini kuwa Bahaushe ya jingina abubuwa da dama na wannan fage: mai farin jini kowa na sonsa, mai baƙin jini kowa na gudunsa, kuma ana cewa wane ya ƙi jinin wane. Da wannan ne 'yan jarida suka gina "ƙin jinin baƙi" lokacin da suke ba da labarin hare-haren da aka kai wa baƙi a Afirka ta Kudu a 2008 da 2015 da 2019, kuma a ganina ginin ya yi kyau, domin ya nuna cewa ba laifin da mutum ya yi ake bi ba, asalinsa ake bi.

Ƙyama kuma daga jiki take farawa, irin abin da mutum ke ji idan ya ga ƙazanta, kafin a ɗauke ta a ɗora wa mutane, kamar yadda aka daɗe ana yi wa kutare. Hassada, wadda muka aro daga Larabci, baƙin ciki ne da ni'imar wani, ita ce aka ce ga mai rabo taki ce. Kishi yana da fuska biyu, domin daga gare shi aka sami kishiya, daga gare shi kuma aka sami kishin ƙasa, wanda abin yabo ne.

Wadda ta fi cancanta a daɗe a kanta ita ce gaba, mai dogon wasali a gaɓar farko, ba gaba ta kishiyar baya ba. Gaba aiki ce da ido ke gani. Masu gaba ba sa gaisawa, ba sa zuwa suna ko jana'izar juna, idan wannan ya biyo ta wannan lungu wancan sai ya sake hanya. Su ne ake cewa ba sa ga maciji da juna, watau ko maciji ɗaya ya gani ya nufo ɗaya ba zai yi masa magana ba. Tun da yake ana ganinta, ana iya sanin ranar da ta fara, ana kuma iya kashe ta: dattawan unguwa su kira mutum biyu zaure, a yi musu faɗa, su yi musafaha. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya yanke mata wa'adi, bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3 ba. Ana iya sa wa gaba wa'adi domin mutum yana da iko da bakinsa da ƙafarsa. Abin da ke cikin zuciya kuwa ba mai unguwar da zai iya kirawo shi zaure. Abin sha'awa kuma, wanda kake gaba da shi "abokin gaba" Bahaushe ya kira shi, kamar yadda ya ce abokin tafiya da abokin ciniki. Ko a nan bai manta cewa abin na mutum biyu ne ba.

Tarihin siyasar ƙasar Kano ya ba mu misalin yadda waɗannan kalmomi suke aiki. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, hamayyarta da NPC ta shiga har cikin gidaje, dattawa kuma suna ba da labarin wa da ƙane da suka daina cin tuwo kwano ɗaya saboda ita. Bayan zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta dare gida biyu, 'yan taɓo suna tare da Malam Aminu Kano, 'yan santsi suna tare da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na Kaduna. A wannan zamani ne Alhaji Waziri Ibrahim na jam'iyyar GNPP ya shahara da takensa. A Ingilishi taken yana maganar siyasa ce marar ɗaci. Da aka zo Hausa ba a ce ɗaci ba, ba a kuma ce ƙiyayya ba, sai aka ce "siyasa ba da gaba ba". Ko wane ne ya yi wannan fassara ya san aikinsa, gama ya tsallake kalmar Bature ya kamo ainihin abin da Bahaushe yake tsoro daga siyasa, watau yanke gaisuwa da zumunci. Ita kuwa adawa, wadda a Larabcin da muka aro ta ƙiyayya ce zalla, siyasa ta rage mata kaifi a Hausa, har ta zama sunan aiki na halal, muna cewa jam'iyyar adawa ba tare da mun zargi kowa ba.

Yadda Bature yake amfani da tasa

Ingilishi yana da kalmomi biyu daga tushe ɗaya, "hate" da "hatred". Ta farko tana aiki a matsayin aikatau da kuma suna, ta biyu suna ce kawai. Tushen tsoho ne, yana cikin Ingilishin da aka rubuta fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma yana da ɗan'uwa a Jamusanci, inda ake cewa "Hass". Wutsiyar -red da ke jikin ta biyun ragowar wata tsohuwar kalma ce mai nufin hali ko yanayi, ita ce kuma a jikin "kindred", watau dangantakar jini. Za a lura cewa wannan wutsiya ba ta ɗauke da ma'anar juna irin ta -ayya. Yanayin da mutum yake ciki kawai take nunawa, ko da abokin yi ko babu.

Sunan nan mai wutsiya ya riƙe nauyinsa, ba a faye amfani da shi a kan ƙananan abubuwa ba. Aikatau ɗin ne ya yi arha. Bature zai yi amfani da shi ya ce ba ya son shayi mai sanyi, ko ranar Litinin, ko jiran mota. Zai kuma sa shi cikin ladabi, idan zai katse ka kana aiki sai ya fara da cewa ya "ƙi" ya dame ka, alhali abin da yake nufi bai wuce "ka yi haƙuri" ba. Yaro zai faɗa wa uwarsa kalmar da safe don ta hana shi alewa, kafin azahar ya manta. Da wannan kalma ɗaya kuma ake bayyana abin da ya sa aka hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a Turai zamanin Hitila. Mai jin Ingilishi yana gane nauyin kalmar ne daga muhallinta, ba daga jikinta ba. Ɗalibin da ya buɗe ƙamus, ko na Neil Skinner na 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990, ya ɗauko kalmar Hausa guda ya riƙa liƙa ta duk inda ya ga ta Ingilishi, zai sa Bature ya ƙulla gaba da shayi.

Akwai kuma amfani na uku, wanda shi ne sabo, shi ne kuma ya jawo wannan rubutu. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 kalmar ta shiga harshen lauyoyi, ta sami ma'ana ƙuntatacciya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin jama'a da na siyasa ta 1966, a sashe na 20, ta nemi ƙasashe su haramta yaɗa ƙiyayyar ƙasa ko launi ko addini idan ta kai ga tunzura mutane su nuna bambanci ko su yi ta'adi. A Amurka an yi dokar tattara alƙaluman laifuffukan da irin wannan ƙiyayya ke jawowa a 1990. A wannan amfani ba a damu da abin da wane yake ji game da wane ba. Abin da ake nufi shi ne a auka wa mutum saboda jinsin da ya fito, kuma a kira wasu su taya. Misalin da duniya ba ta manta ba shi ne na Ruwanda a 1994, inda gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100. A 2003 kotun duniya da ke zama a Arusha ta sami wasu jagororin gidan da laifi.

Inda fassarar ta yi sako-sako

A Nijeriya zancen ya yi zafi ne a 2017. A watan Yuni na shekarar wata gamayyar ƙungiyoyin matasan Arewa ta yi shela a Kaduna cewa 'yan ƙabilar Ibo su bar Arewa kafin 1 ga Oktoba, shelar da aka janye a watan Agusta. A wannan watan ne Farfesa Yemi Osinbajo, yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa, ya ce gwamnati za ta ɗauki irin waɗannan kalamai a matsayin wani nau'i na ta'addanci. A Nuwamba 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na Neja ta Arewa ya kawo ƙudurin doka wanda ya tanadi hukuncin rataya idan kalaman suka jawo asarar rai. Jama'a suka yi ca, ƙudurin kuwa bai zama doka ba. A Agusta 2020 aka ɗaga tarar da hukumar kula da gidajen rediyo da talbijin take ci a kan wannan laifi daga naira 500,000 zuwa naira miliyan 5, kafin wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke a 2023 cewa hukumar ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara. Duk wannan labari "kalaman ƙiyayya" aka riƙa gaya wa mai sauraro na Hausa.

To, me mutumin Tudun Kaya yake ji idan aka ce masa kalaman ƙiyayya? Abin da harshensa ya koya masa shi ne maganar da maƙiyi ke faɗa a kan maƙiyinsa: zagi, da gori, da habaicin kishiyoyi, da zambon maroƙa. Babu ƙabila a ciki, babu addini, babu tunzurawa. Fassarar ta ɗauko kalmar Bature ta bar ma'anar lauya a baya. Illar wannan ita ce duk mai mulkin da aka soka yana iya cewa an yi masa kalaman ƙiyayya, kuma a kunnen Bahaushe maganarsa ta zauna daidai, tun da ga shi an faɗi abin da ba ya so. Dama kalmar maƙiyi ta riga ta yi arha a siyasarmu. Mun gani a yankinmu lokacin da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Gaya da Karaye da Rano a 2019, da lokacin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su a Mayu 2024, ta kuma dawo da Karaye a Yuli a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, mai ƙananan hukumomin Karaye da Rogo. A majalisun hira, wanda bai goyi bayan sabuwar masarauta ba sai a ce maƙiyin Karaye ne, wanda ya goya kuma a ce maƙiyin Kano ne. Alhali mafi yawansu ra'ayi ne ya bambanta, suna gama musu su tashi su bi liman ɗaya. Hamayya ce, a iya cewa adawa, amma ba ta kai gaba ba balle ƙiyayya. Sai dai da zarar an laƙaba wa mutum sunan maƙiyi an toshe kunne daga hujjarsa, domin an san abin da aka ce game da maƙiyi, ko ruwa ka shiga sai ya ce ka ta da ƙura.

Ta ɗaya gefen kuma akwai maganar da, in aka bi ma'anar lauya ido rufe, za ta faɗa tarko ba da laifinta ba. Ƙasar Rogo tana iyaka da ƙasar Zazzau da ta Katsina, kasuwannin yankin kuwa mahaɗa ce ta Kanawa da Zage-zagi da Katsinawa da Fulani. Wanda ya zauna rumfar masu awo ya ji abin da Bakano yake gaya wa Bazazzagi, da abin da Bazazzagi yake mayar masa, in ya rubuta shi a takarda ya miƙa wa baƙo, baƙon zai rantse gobe za a yi yaƙi. Ga suka, ga kuma an yi ta saboda asalin mutum, duk sharuɗɗan sun cika. Amma wasa ne, irin na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarabawa, da na taubasai, da na kaka da jika. Wanda ya yi fushi da abokin wasansa shi jama'a za su ba rashin gaskiya. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da daraja har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014, saboda aikin da take yi na kashe husuma tun ba ta girma ba.

Ina ganin harshen Hausa da kansa ya ba mu ma'aunin da za mu raba waɗannan, ma'aunin kuwa shi ne a tambaya: wa ake gaya wa maganar? Wasan Bakano da Bazazzagi a gaban ido ake yinsa, mai yi yana jiran a rama, in ba a rama ba ma wasan bai yi daɗi ba. Zambo da habaici ma, duk da zafinsu, wanda aka yi dominsa ake so ya ji. Sukar mai mulki ita ma shi ake nufi da ita, ko masu zaɓensa. Maganar da doka take farauta kuwa ba ga wanda aka ƙi ake faɗarta ba. Ga na uku ake faɗarta, ana ce masa waɗancan ba mutane ba ne, tashi ka yi wani abu. Gidan rediyon Ruwanda da Hutu yake magana, ba da Tutsi ba. Hausa tana da kalmomin wannan aiki tun tuni: zuga, da tunzurawa, da ingizawa, da hura wuta. Saboda haka da za a tambaye ni, "kalaman tunzura gaba" ko "kalaman cusa ƙiyayya" sun fi kusa da abin da ake nufi, domin kowannensu yana ɗauke da aikatau mai nuna cewa akwai wanda ake zugawa. Na fi karkata ga na farkon, saboda dalilin da ya sa mai fassara taken Waziri Ibrahim ya zaɓi gaba: ita ce ake gani, ita ce shaidu za su iya tabbatarwa a gaban alƙali.

Idan aka ɗora shelar Kaduna ta 2017 a kan wannan ma'auni, za a ga a fuska da Ibo take magana, tun da su aka ba wa'adi. Amma cikin abin da shelar ta ƙunsa har da kira ga 'yan Arewa su fara lissafin filaye da gidajen da za a bari, wannan ɓangare kuwa da na uku yake magana, gwamnonin Arewa da sarakuna kuma suka tashi tsaye har aka janye ta tun wa'adin bai cika ba.